Kilo Bakwai Cif

Kwana uku Jelani ya yi yana yi wa gidansu wa'azin kilo bakwai, har da a ce kajin tsakar gida suna da baki da sun haddace. Jakar hannu kilo bakwai, babbar jaka kilo ashirin, ko ƙwayar gero ba a ƙarawa. Ya aro sikelin ratayawa wurin mai sayar da gas na bakin titi, ya buga ƙusa a ƙofar ɗakin Inna Kande ya rataye shi, ya auna, ya cire wannan ya mayar da wancan, ya sake aunawa, sai da allurar ta tsaya a kan bakwai cif sannan hankalinsa ya kwanta.

Jelani ma'aikacin agajin gaggawa ne, kuma duk ofishinsu shi kaɗai ya iya nutso da kayan zamani. In kwalekwale ya kife a gulbin Rima, ko wani ya zame ya faɗa dam, lambarsa ake nema. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne gidan da ya fito, gidan malamai ne a Ƙofar Marke, zuri'ar da ruwan da ta sani bai wuce na alwala da na wanke allo ba. Gobe da ƙarfe takwas na safe yana da jarrabawar nutso a Legas, cikin teku. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma in ya ci, za a ba shi takardar izinin koyar da wasu. Mutum shida ne a ofis suke jiran wannan takarda. Jirgin Legas kuwa ɗaya ne rak a ranar, ƙarfe uku da rabi na yamma.

Wasiƙar makarantar ba ta ɓoye komai ba. Su za su ba da tukunyar iska da darmar ɗaurawa a ƙugu, amma kowa ya zo da ragiletarsa, ba aro ba haya. Ragileta ita ce ƙarfen nan mai tiyo huɗu da ake ɗaura wa tukunya, mutum ya sa bakinsa ya shaƙi iska a ƙarƙashin ruwa. Mai nutso ba ya jefa ta cikin babbar jaka inda masu lodi za su yi ƙwallo da ita, a hannu yake riƙe abinsa. Saboda haka ita Jelani ya fara shimfiɗawa a jakar hannu, sai tabaran ruwa, sai agogon nutso da baturan tocila, waɗanda doka ta ce ba su shiga cikin lodi. Wuƙarsa kuma, da doka ta ce ba ta shiga hannu, ya tura ta can ƙasan babbar jaka tare da rigar roba. Ya karanta dokokin nan kamar mai shirin zama alƙali.

Abin da dokokin ba su sani ba shi ne, a unguwarsu mutum ba ya tafiya Legas shi kaɗai. Tun da labari ya fita ake sallama da shi. Wannan kilishi zai kai wa ɗansa a Agege, wancan takalman fata, wata tsohuwa ta zo da tabarma sukutum a naɗe. Saƙo goma sha ɗaya Jelani ya mayar, yana ba da haƙuri har bakinsa ya bushe, kuma ya san sarai abin da ake faɗa a bayansa: yaron nan tun da ya fara shiga ruwa da kayan Turawa ya daina ganin mutane da gashi.

Na sha biyu shi ne mai wuya. Inna Kande yayar mahaifiyarsa ce, ita ta goye shi tun yana wata bakwai da uwar ta rasu. 'Yarta Kausar tana aure a Legas, sati biyu ke nan da haihuwa.

"Wanga ɗan ƙunshin na kaɗai, Jelani," in ji ta. "Yarinyar nan jego taka yi, ba ta da kowa can."

"Inna, kilo bakwai anka ce. Ba ni niy yi dokar ba."

"To babbar jakar hwa?"

"Ta cika. Ashirin ta, har da ɗan ɗoriya."

Ta dube shi, ta dubi sikelin da ke reto a ƙofarta, ta ce, "To, Allah shi kai ka lahiya." Ya ji daɗin yadda ta fahimta da wuri, har ya ɗan ji kunyar kansa. Ya bar jakunkunan a ɗakinta ya zaga gidajen baffanninsa yin sallama, ya yi azahar, ya dawo ya saɓi kaya ya nufi filin jirgi cikin ranar da ke narkar da kwalta.

A wurin awo komai ya tafi daidai. Babbar jaka ta wuce, jakar hannu ta hau sikeli ta nuna bakwai cif, har Jelani ya ɗan waiga ko akwai wanda ya shaida. An liƙa takarda a bango cewa saboda tsananin zafi yau jirgi ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba, ko da mutum zai biya. Wani Alhaji yana ta rantsuwa a kan buhun albasarsa, Jelani ya wuce shi da tausayi irin na wanda ya yi karatu.

A wurin bincike wata ma'aikaciya ce tsaye, an rubuta Laraba a ƙirjin rigarta. Da jin Hausarta ka san daga wajen Jos ta fito, da ganin fuskarta kuma ka san ba yau ta fara jin ƙarya ba.

"Malam, kai ka haɗa jakar nan da kanka?"

"Ni na haɗa ta."

"Ba wanda ya ba ka saƙo?"

"Babu," in ji Jelani, har da ɗan murmushi, don ya sha wuya kafin ya sami ikon faɗin wannan kalma.

Jaka ta shiga injin haskawa, ta fito, aka mayar da ita, ta sake fitowa. Laraba ta ɗauke ta ta ajiye a tebur ta ce ya buɗe. Ya zuge zif yana shirin yi mata bayanin ragileta, don ya tanadi bayanin tun a gida, har da hoto a waya. Tabarau na nan, agogo na nan, batura na nan. A inda ya shimfiɗa ragileta kuwa, wani ɗan buhu ne zaune daram, an ɗinke bakinsa da zaren buhu ɗinki mai kyau, an rubuta Kausar da tawada.

Jelani ya tsaya yana kallonsa. Ya ɗaga shi ya duba ƙasa, kamar ƙarfe mai kilo biyu zai iya ɓuya a ƙarƙashin hankici.

"Wannan fa?" in ji Laraba.

"Ba nawa ba ne."

"Yanzu ka ce ba wanda ya ba ka saƙo."

"Ba a ba ni ba, Madam. Sa mini aka yi."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

Ta yi ajiyar zuciya. Duk amsoshin da bai kamata matafiyi ya bayar ba, ya ba da su a jere cikin minti ɗaya, kuma duk gaskiya ne. Mutanen da ke bayansa a layi suka fara leƙe. Ɗan gidan malamai, wanda ko a wasa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ga shi tsaye ba takalmi, ɗamararsa a cikin roba, yana riƙe da wando da hannu ɗaya, ana yi masa kallon ɗan fasa-ƙwauri. Takaici ya cika shi har wuya.

"Sai ka farke shi mu gani," in ji ta.

"Amana ce. Ba a buɗe saƙon mutane."

"Nan ana buɗewa."

Ya laluba aljihu neman abin yanka, sannan ya tuna wuƙarsa tana can ƙasan babbar jaka, inda shi da kansa ya tura ta don bin doka. Laraba ta miƙo masa reza. Ya farke ɗinkin Inna, ƙamshi ya tashi ya gauraye wurin. Yajin jego ne leda biyu, da dunƙulen kanwa na kunu, wanda shi ne ya yi baƙi a cikin inji ya ta da hankalin kowa, da daddawa, da kuka, da kwalbar man shanu. Laraba ta ɗaga kwalbar ta karkata ta, man ya gangara.

"Wannan ruwa ne, ba zai shiga ba."

"Man shanu ne. Daskararre ne."

"Da safe ke nan," in ji ta. "Yanzu dai ga shi yana gudu."

Ya ja gefe ya kira Inna. Ƙarfe uku saura kwata.

"Lahiya, Jelani? Har kun tashi?"

"Inna, mi kinka yi mani? Ina ragileta?"

"Wace?"

"Ƙarhen nan mai tiyo."

"Au, wanga mai kama da hanjin akuya? Shina nan bisa gadona, na lulluɓe shi da zane, ba abin da ka taɓa shi."

"Don mi kinka ɗebe shi?"

"Kilo bakwai kac ce. Na ɗebe shi, na aza ƙunshin, na rataya bisa sikeli. Ya ɗara kaɗan, nir rage kanwa. Sau ukku ina aunawa. In sun ce ya wuce bakwai, sikelinsu na ba shi da kyau."

Abin haushin shi ne ba ta karya dokar ba ko da gashi. Duk unguwar ba wanda ya saurari wa'azinsa kamar ita. Ya gaya mata nauyi har sau ɗari, bai taɓa zama ya gaya mata abin da ke cikin nauyin ba, ko kuma dai haka ya ɗauka a lokacin.

"Inna, in babu abin ga ba ni shiga jarrabawa. Shekara guda ta tahi a banza. Yanzu Gazali shina zuwa, ki ba shi."

Gazali maƙwabcinsu ne, tare suka tashi, yanzu magidanci ne mai tuƙa keke Napep. Jelani ya kira shi ya ce ya ajiye keken, ya karɓi ƙarfen, ya hau kabu-kabu ya taho a guje. Lissafinsa minti ashirin da biyar. Ya mayar da ɗamara, ya sa takalmi, ya tattara yaji da daddawa cikin buhun da ya farke, ya tsaya kusa da teburin Laraba yana kallon agogo.

Bayan minti biyar Gazali ya kira. "Ta hana ni hwa. Tac ce kayan da kac ce sun hi babur tsada ba ta ba kowa, da kanta za ta kawo."

"Ba ta wayar."

"Ta shiga neman hijabinta."

Inna ba ta hawa babur, saboda haka aka koma keke. Hijabin da aka samu ba shi take so ba, na unguwa take nema. Ƙarfe uku da minti biyar suna wajen kasuwa, wata motar tumatir ta tare hanya. Uku da minti goma Gazali ya tsaya shan mai, don shi bai tashi da shirin zuwa filin jirgi ba. Jelani yana jiyo muryar Inna ta cikin waya tana gaisawa da wata mata, tana tambayar ta ƙafar maigidanta. Ya dafe goshi. Mutumin da ke iya zama minti arba'in a ƙasan ruwa mai duhu numfashinsa bai sauya ba, yau ga shi yana haki a cikin ɗaki mai na'urar sanyi.

"Mamarka ce?" in ji Laraba, ba tare da ta ɗago daga jakar da take bincike ba.

"Yayar uwata. Ita ta raine ni."

"Tawa doya take sa mini," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Uku da kwata aka fara kiran fasinjojin Legas. Layi ya miƙe, ya fara raguwa. Alhajin albasa ma ya wuce, ba albasa, yana ta ƙunƙuni. Gazali ya sake kira ya ce masu gadi sun hana keke wuce ƙofar waje, sai dai a taka. Ya ce ya roƙi Inna ta ba shi ya sheƙo da gudu, ta ce ai ƙafarta ba ta karye ba.

"Madam, zan fita in tarye ta."

"In ka fita sai ka sake bin layi, ka sake cire takalmi. Minti bakwai nake ba ka, bayan nan ko gwamna ne kai an rufe."

Ya saɓa jaka, ya rungumi buhun Kausar da kwalbar man shanu, ya fita a guje. Ya riga ya shirya maganar da zai yi. Zai dangwara mata ƙunshinta, ya karɓi kayansa, sauran bayani sai ya dawo, kuma bayanin zai yi tsawo.

Ya hango ta a tsakiyar filin ajiye motoci, ita kaɗai cikin rana, Gazali na biye da ita da hannuwa a buɗe kamar mai rakiyar ƙwai. Tana tafe tana ɗingishi da silifas ɗin wanka, ashe ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta rungume ragiletar a ƙirji cikin zanenta, tiyo ɗaya ya zubo yana jan ƙasa. Gumi ya jiƙa hijabin har kafaɗa. Da suka haɗu a bakin ƙofar shiga ya miƙa hannu, ita kuwa ba ta saki ba.

"Inna, don Allah. Ana ruhe ƙohwa."

"Teku anka ce, ko?"

"Teku ta."

"Gazali yac ce ba a ganin ƙarshenta. Yac ce Rima ko rabin rabinta ba ta kai ba."

Gazali ya kau da kai yana duban wata mota da ba ruwansa da ita.

"Inna, kin san ko mine ne wanga abin tun hwarko, ko ba ki sani ba?"

Ta gyara riƙon zanen. "Shekara shidda ina wanke maka shi da ruwan randa, ka ce ban san shi ba? Na sani. Da shi kaka shiga inda ba a ganin ka." Ta yi gyaran murya da faɗa, don ita ba ta kuka gaban mutane. "Cewa niy yi ko in babu shi su bar ka ka tsaya bakin ganga ka yi kallo, su ba ka takardar hakanan. Ɗiyan mutane in sun nutse kai aka kira. Kai in ka nutse, wa za ni kira?"

Duk maganar da ya shirya ta watse. Haushin bai tafi ba, yana nan, sai dai ya rasa inda zai sauke shi. Shekara shida yana dawowa gida da jajayen idanu da warin laka, yana tarar da tuwo a rufe da ita zaune a ƙofar ɗaki wai shan iska take yi, bai taɓa tambayar kansa wace iska ake sha a watan zafi da tsakar rana ba. Kunya ta kama shi, da tausayi, da wani sabon takaicin na cewa yanzu ba shi da lokacin ko ɗaya daga cikinsu.

"Shi ya sa za ni, Inna. In na samo takardar, mu bakwai za mu zama."

Ƙofar gilashi ta buɗe, Laraba ta leƙo. "Malam mai daddawa, saura minti biyu."

Inna ta warware zanen ta miƙa masa ragiletar. Ya karɓa, ya miƙa mata buhun da kwalbar. Ta karɓi kwalbar kaɗai, ta mayar da hannunta cikin hijabi.

"Ƙunshin hwa, Inna? Jaka ba ta ɗauka. Bakwai anka ce."

"Ba ni karɓar shi."

Ya juya wajen Laraba kamar mai neman ceto. Ta dubi tsohuwar, ta dubi silifas ɗinta, ta dubi ƙarfen da ke hannunsa.

"Sikeli jaka yake aunawa," ta ce. "Ban taɓa ganin an auna wuyan mutum ba. In ya bi ta inji ka rataya abinka, ka daina ɓata mini lokaci."

Ya cusa buhun a jaka, yaji na zuba ta inda ya farke, ya rataya ragiletar a wuya, tiyo huɗu suna reto bisa farar shaddarsa. Ya durƙusa a gurguje ya ce sai ya dawo. Ta kama hannun rigarsa.

"Ji nan. Kar ka kai mata yau."

"Inna, gidan nata na bisa hanya, in na sauka..."

"Na ce kar ka kai yau. Gobe, in ka hito daga ruwan, sannan ka kai mata hannu da hannu. Amana ta, na aza maka. Ɗan gidanmu bai taɓa zama wani wuri da amanar mutane bisa wuyanai ba. Ka hito ka kai."

Jelani ya ce to. Ya so ya ƙara wani abu, amma Laraba ta riga ta riƙe masa ƙofa. Ya shiga, ya sunkuya ya fara kwance takalmi a karo na biyu.